Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hausawa Mazauna Kanada Kan Yawan Mutanen Kogin Grand

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayena da malamaina, yayyena da ƙannena mazauna Kanada, musamman waɗanda Allah ya ajiye a kudancin Ontario, tun daga Toronto da Hamilton har zuwa Brantford da Cambridge da Kitchener da Waterloo, ina gaishe ku gaisuwar girmamawa, tare da fatan kowa yana lafiya shi da iyalinsa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata magana ce da na ji a wurin walimar suna kwanakin baya. Ana cikin hira, sai wani yayanmu da nake ganin girmansa ya ce ai 'yan asalin ƙasar nan sun kusa ƙarewa, 'yan tsirarun da suka rage kuwa gwamnati ce take ci da su. Wani ya kada baki ya ce shi iyakar saninsa da su shi ne man fetur ya fi araha a yankinsu. Aka yi dariya, aka ci gaba da cin tuwo. Ban tanka ba a lokacin, domin walima ba wurin musu ba ce, kuma ba tarbiyya ba ce ƙanwa ta ƙaryata yayanta a gaban baƙi. Sai dai maganar ta tsaya mini a rai, saboda ina zaune ne a Brantford, ina aikin kula da tsofaffi, kuma wasu daga cikin waɗanda muke kwana muna tashi tare a wurin aiki 'ya'yan wannan al'umma ne da aka ce ta kusa ƙarewa.

Yankin da nake nufi shi ne wanda ake kira Six Nations of the Grand River, wato Al'ummai Shida na Kogin Grand. Daga cikin garin Brantford zuwa Ohsweken, babban ƙauyensu, tafiyar da ba ta kai ta rabin awa ba ce a mota. Al'ummomin su ne Mohawk da Oneida da Onondaga da Cayuga da Seneca da Tuscarora, waɗanda a dunƙule suke kiran kansu Haudenosaunee. Mutum sama da 27,000 ne ke da rajista a matsayin 'yan wannan al'umma, abin da ya sa babu wata al'ummar 'yan asali a faɗin Kanada da ta kai ta yawan jama'a, amma waɗanda ke zaune a cikin keɓaɓɓen yankin kansa, wato filin da doka ta ware musu, ba su wuce 13,000 ba. Ina roƙon ku riƙe waɗannan lambobi biyu, domin tazarar da ke tsakaninsu ita ce rabin abin da nake son faɗa.

Da farko, batun ƙarewa. Ƙidayar jama'a ta 2021 ta samu 'yan asalin ƙasa miliyan 1.8 a Kanada, wato kashi 5 cikin ɗari na dukkan jama'a. Tsakanin 2016 da 2021 yawansu ya ƙaru da kashi 9.4 cikin ɗari, alhali sauran jama'a, duk da ɗimbin baƙi irinmu da ke kwararowa kowace shekara, da kashi 5.3 suka ƙaru. Matsakaicin shekarunsu 33.6 ne, na sauran mutane kuwa 41.8. Gaskiya ne cewa ba haihuwa kaɗai ta kawo wannan ƙari ba, akwai mutanen da a da suke ɓoye asalinsu saboda tsangwama amma yanzu suke bayyana shi a takardar ƙidaya. Duk da haka, al'ummar da yaranta suka fi tsofaffinta yawa nesa ba kusa ba, ba ita za a kira mai ƙarewa ba. Ni da nake aiki a cikin tsofaffi na fi kowa sanin wane ɓangare na ƙasar nan ne furfura ta mamaye.

Idan aka koma ga su mutanen Kogin Grand, tarihin yawansu a rubuce yake tun daga tushe. Bayan yaƙin neman 'yancin Amurka, waɗanda suka mara wa Ingila baya daga cikin Haudenosaunee suka rasa garuruwansu da gonakinsu a inda ake kira jihar New York a yau. A ranar 25 ga Oktoba 1784 Gwamna Frederick Haldimand ya ba su ƙasa mil shida a kowane gefe na Kogin Grand, tun daga inda kogin ya faɗa tafki har zuwa mafarinsa, suka taso ƙarƙashin jagorancin Joseph Brant, wanda sunansa ne garin Brantford ke ɗauke da shi. Ƙidayar da aka yi musu a 1785 ta samu mutum 1,843: Mohawk 448, Cayuga 381, Onondaga 245, Oneida 162, Tuscarora 129, Seneca 78, sai kimanin 400 daga wasu ƙananan al'ummomi da suka biyo su, irin su Delaware da Tutelo. Ƙasar da aka yi musu alkawari, bisa lissafinsu, ta kai eka 950,000. Abin da ke hannunsu a yau kimanin eka 46,000 ne, bai cika kashi 5 cikin ɗari ba. Kowa ya iya raba lamba zai ga cewa a 1785 kowane mutum ɗaya yana da fiye da eka 500, yau kuwa da za a raba wa kowane mai rajista kasonsa, eka biyu ma ba zai samu ba. Jama'a sun ninka kusan sau goma sha biyar, ƙasa kuma ta tsuke sau ashirin. Sauran ƙasar ita ce wadda da yawanmu muke biyan haya a kanta a Kitchener da Waterloo da Cambridge da Brantford, kuma tun 1995 al'ummar take gaban kotu da gwamnatin tarayya da ta Ontario tana neman a yi mata bayanin yadda filayen da kuɗinsu suka salwanta.

To, me ya sa fiye da rabinsu ba sa zaune a gida? Wanda bai taɓa wuce gidan mai ba zai iya cewa son birni ne. Ni na shiga, ba sau ɗaya ba, kuma abin da ya fara ɗaukar hankalina tankar ruwa ce tsaye a ƙofar wani gida, direba ya ja tiyo yana cika wata rijiyar siminti da ke gefen ɗaki, ga ƙanƙara ta rufe ko'ina. Wallahi sai na tuna 'yan garuwa a unguwarmu, amma wannan a ƙasar da ta fi kusan kowace ƙasa ruwan daɗi, kuma a bakin kogi. An gina musu matatar ruwa ta zamani fiye da shekara goma da suka wuce, sai dai shekaru bayan buɗe ta gidaje kaɗan ne bututu ya kai gare su, saboda gidajen a warwatse suke kuma kuɗin shimfiɗa bututun bai biyo kuɗin ginin ba. Sannan akwai batun gida. A dokance ƙasar keɓaɓɓen yanki tana hannun Masarauta ne, wato gwamnatin Kanada da ke mulki da sunan Sarki, a matsayin amana, kuma sashe na 89 na dokar da ke mulkin waɗannan yankuna ya hana wanda ba ɗan asali ba ƙwace kadarar da ke ciki, saboda haka banki ba ya karɓar fili ko gida jingina kamar yadda yake karɓa daga wurinmu. Matashin da ya yi aure yana son gini, ko dai ya shiga layin rancen majalisar yankin, ko ya cusa iyalinsa a gidan iyayensa, ko ya tattara ya koma Brantford ko Hamilton. Ƙidayar 2021 ta nuna cewa fiye da kashi ɗaya bisa uku na masu rajista da ke zaune a keɓaɓɓun yankuna a cunkushe suke a gidajensu, kuma kashi 40.6 ne kawai na dukkan masu rajista a Kanada ke zaune a irin waɗannan yankuna. Ga kuma wani abin da ba a cika faɗa ba: daga 1996 har zuwa 2016 gwamnatin tarayya ta ƙayyade ƙarin kuɗin da take ba waɗannan al'ummomi na makarantu da ayyukan yau da kullum a kan kashi 2 cikin ɗari a shekara, a daidai lokacin da yaransu ke ƙaruwa, farashin kaya kuma yana hawa. Shekara ashirin ana ɗinka wa yaro mai girma riga da awon bara.

Batun haraji kuwa, tunda an taɓo shi, gajere ne. Rangwamen da sashe na 87 na waccan doka ya bayar ya shafi kadara da kuɗin shigar da ke da alaƙa da cikin keɓaɓɓen yanki ne. Abokan aikina da ke karɓar albashi a Brantford ana yankar musu haraji daidai yadda ake yankar mini.

Yanzu na zo ga abin da ya fi damuna, wato wa ke da ikon cewa wane yana cikin lissafi, wane ba ya ciki. Mu da muka fito daga ƙasar Hausa mun saba da cewa asali abu ne na jini da dangi da shaidar mutanen gari. A nan kuwa, tun 1876, akwai doka da ake kira Dokar Indiyawa, kuma a ƙarƙashinta wani ofishi ne a Ottawa ke riƙe da rajistar da ke tantance wanda gwamnati ta yarda ɗan asali ne. Sunan dokar ma kuskuren Turawan farko ne da suka zaci Indiya suka iso, kuma a nan zan roƙe ku mu daina kiran mutanen nan "Indiyawan daji" kamar yadda muka koya a gidajen silima muna yara. Mutanen da suke da majalisa da tsarin mulki tun kafin a kafa Kanada ba su cancanci wannan suna daga bakinmu ba. Ita wannan doka an gina ta ne da nufin rage adadin da ke cikin rajistar sannu a hankali. Akwai lokacin da ɗan asalin da ya yi digiri, ko ya zama likita ko lauya ko limamin coci, zai iya rasa rajistarsa. Sai a 1960 aka ba su damar jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya ba tare da sun sarayar da matsayinsu ba. Duncan Campbell Scott, wanda ya daɗe yana shugabantar ma'aikatar harkokinsu, ya faɗa wa kwamitin majalisa a 1920 ƙarara cewa manufar ita ce a ci gaba har sai babu sauran ɗan asali ko ɗaya da bai narke a cikin sauran jama'a ba.

Mata ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Kafin 1985, macen da ta auri wanda ba shi da rajista, nan take ita da 'ya'yan da za ta haifa sun fita daga lissafi, alhali namiji idan ya auri Baturiya, ita Baturiyar ce za a sa a rajista. Ku dubi yadda wannan ya ci karo da al'adar Haudenosaunee, inda yaro ke bin dangin uwarsa, kuma iyaye mata na dangi ne ke zaɓen sarakuna su kuma tuɓe su. Yvonne Bédard 'yar wannan yanki ce na Kogin Grand. Ta auri wanda ba ɗan asali ba a 1964, auren ya mutu, ta dawo gida a 1970 da 'ya'yanta biyu don ta zauna a gidan da mahaifiyarta ta bar mata, sai aka ce ta tattara ta fita domin ita ba 'yar gida ba ce kuma. Ƙararta da ta Jeannette Corbiere Lavell suka kai Kotun Ƙoli, inda a 1973 alƙalai biyar cikin tara suka ce doka ta yi daidai. Sai da Sandra Lovelace, daga New Brunswick, ta kai ƙara gaban kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi nasara a 1981, sannan a 1985 aka gyara dokar, aka mayar da dubban mata da 'ya'yansu cikin rajista. An sake yin gyara a 2010 bayan shari'ar Sharon McIvor, aka kuma yi wani a 2017 bayan shari'ar Descheneaux. Kowane gyara sai adadin masu rajista ya yi tsalle, ba don an haifi kowa ba, sai don an buɗe wata ƙofa da aka daɗe da rufewa. Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa mazauna wajen yankin suka fi mazauna cikinsa yawa: an mayar wa mutane suna a takarda, amma ba a ƙara wa yankin ko taku ɗaya na ƙasa da za su dawo su zauna ba.

Sai dai gyaran 1985 da hannun dama ya bayar, da hagu ya karɓe. Ya raba masu rajista gida biyu, waɗanda su kansu mutanen suke kira da lambar sashen doka, 6(1) da 6(2). Wanda iyayensa biyu ke da rajista yana 6(1). Idan ya haihu da wanda ba shi da rajista, ɗansa yana 6(2). Idan shi kuma wannan ɗa ya haihu da wanda ba shi da rajista, jikan ba shi da komai. Aure biyu a jere da bare, an yanke zuriya daga littafi ke nan.

Ban fahimci nauyin wannan ba sai wani dare da muke aikin kwana da wata abokiyar aikina, dattijuwa Bamohawkiya da nake kira Inna saboda ta girme ni nesa, ita kuma tana jin daɗin sunan tun da na gaya mata ma'anarsa. Wajen ƙarfe uku, tsofaffi sun yi barci, muna shan shayi, ta ciro wayarta tana nuna mini jikokinta uku a hoto ɗaya, sun jeru a kan matakalar gidanta. Ta ɗora yatsa a kan maza biyu ta ce waɗannan suna da katin rajista. Ta matsar da yatsan kan 'yar yarinyar da ke tsakiya, mai giɓi a haƙora, ta ce wannan ba ta da shi. Ita Inna ta haifi 'ya'yanta biyu ne bayan 1985 da wani Bature, saboda haka duka biyun 6(2) ne. Namijin ya auri 'yar yankin, 'ya'yansa suka koma 6(1). Macen ta haihu da wanda ba ɗan asali ba, 'yarta ta faɗo waje. Abin da ya fi ci mata rai, in ji ta, shi ne a al'adarsu wannan yarinya ce kaɗai cikin ukun take dangin Kunkuru, dangin Inna da uwarta da kakarta, domin maza biyun dangin uwarsu suka bi. Wadda al'ada ta ce ita ce magajiyar dangi, ita ce doka ta ce baƙuwa ce. Kuma ba batun kati kawai ba ne: a ƙarƙashin sashe na 50, wanda ba shi da ikon zama a yankin ba zai gaji mallakar fili ba, sai dai a sayar wa ɗan al'umma a ba shi kuɗin. Inna ta kashe wayar ta mayar aljihu, ƙararrawar wani ɗaki ta yi ƙara, muka tashi.

Na kwana ina tunanin 'ya'yana. An haife su a asibitin garin nan, kuma tun ranar da suka faɗo duniya 'yan Kanada ne. Ko Bahaushe suka aura, ko Basine, ko Ba'italiye, jikokina da aka haifa a nan 'yan ƙasa ne, babu wani akawu da zai tambayi wa suka aura. Ni da na sauka a filin jirgi da akwati biyu ina da wannan tabbaci, amma matar da kakanninta ke cikin mutum 1,843 na ƙidayar 1785 ba ta da shi. Tunda fiye da rabin al'ummar a birane suke, suna karatu da aiki tare da kowa, auren bare ba abin da za a iya hanawa ba ne, kuma masana yawan jama'a sun daɗe suna gargaɗin cewa idan dokar ta ci gaba a haka, ranar na zuwa da haihuwa za ta ci gaba amma masu rajista su riƙa raguwa. Idan akwai wata gaskiya a maganar yayanmu cewa suna ƙarewa, to a nan take, kuma alƙalami ne ke yin aikin.

Akwai wani ɓangare da ya kamata ku sani kafin ku ɗauki alƙaluman gwamnati tamkar saukakku. A ƙidayar 2016 akwai keɓaɓɓun yankuna 14 da ba a ƙirga su cikakke ba, kuma Al'ummai Shida na cikinsu. A 2021 adadin irin waɗannan yankuna ya haura zuwa 63, wasu saboda annobar korona da gobarar daji, wasu kuwa saboda shugabanninsu ba su ba da izini ba. Ke nan miliyan 1.8 ɗin da na ambata ma bai cika ba. Ita kuma rajistar Ottawa tana da nata giɓin, domin akan yi jinkirin kai rahoton haihuwa da mutuwa, kuma mutum na iya barin yankin shekaru ba a sauya masa adireshi ba.

Na san wani zai ce to ai su suka jawo wa kansu, tunda sun ƙi a ƙirga su. Mu ne bai kamata mu yi saurin faɗin haka ba. Kakanninmu sun san abin da ke biyo bayan malamin da ya zo ƙirga kawuna a zamanin haraji da jangali, kuma mun san yadda ƙidayar 1962 da ta 1963 da ta 1973 suka kusa tsaga Najeriya, saboda kowa ya gane cewa mai riƙe da lamba shi ke riƙe da rabo. Su ma ruwansu bai yi tsami banza ba. Da yawa daga cikin Haudenosaunee ba sa ɗaukar kansu talakawan Masarauta, abokan ƙawancenta suke ɗaukar kansu, kuma suna kafa hujja da wata ɗamara ta duwatsun ado mai layi biyu, wadda ke nuna kwalekwalensu da jirgin Turawa suna tafiya a kogi ɗaya ba tare da wani ya karɓe tuƙin wani ba. A 1923 wani basarakensu Bacayuge mai sarautar Deskaheh ya tafi Geneva da fasfo na al'ummarsa don ya kai kuka gaban majalisar ƙasashen da ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya, ba a bar shi ya yi jawabi ba. A shekarar da ta biyo baya, 1924, gwamnati ta turo 'yan sandan tarayya aka kawar da majalisar sarakunan gargajiya, aka kafa zaɓaɓɓiyar majalisa bisa Dokar Indiyawa, kuma har gobe majalisun biyu suna nan, mutane ƙalilan ne ke fitowa zaɓen ta biyun. Sannan ga makarantar kwana ta Mohawk Institute a cikin garin Brantford, wadda ta yi ta karɓar yara tun shekarun 1830 har zuwa 1970, ana raba su da iyayensu da harshensu. Yaran da suka zauna a cikinta da sunan kunun da ake ɗura musu safe da yamma suke kiranta. A faɗin ƙasa kimanin yara 150,000 ne suka bi ta irin waɗannan makarantu, kuma da jerin sunaye aka riƙa zuwa ɗaukar su. Abin bai zama tarihi ba tukuna, domin a 2021 yaran 'yan asali kashi 7.7 ne na yara 'yan ƙasa da shekara 15, amma su ne kashi 53.8 na yaran da hukuma ta ɗauke ta ba wasu riƙo. Uwar da ta san wannan, idan baƙo ya ƙwanƙwasa ƙofa da takarda yana tambayar yara nawa ke kwana a ɗaki ɗaya, ba za a ga laifinta ba idan ta yi shiru.

Ba na cewa ƙin ƙidaya ba shi da illa. Yana da ita, kuma su ma sun sani, domin da lamba ake tsara asibiti da aji da bututun ruwa, kuma wanda ba a gani a takarda da wuya a tuna da shi a kasafi. A ganina mafita ita ce wadda su kansu suka daɗe suna nema, wato al'umma ta ƙirga kanta, ta mallaki bayananta, ta yanke wanda za ta ba da kuma sharaɗin bayarwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Haka kuma ba na ɓoye cewa a cikinsu akwai saɓani kan buɗe rajista, domin wasu na tsoron a ƙara musu dubban mutane alhali ƙasa da gidaje da kuɗi suna nan yadda suke. Tsoro ne mai tushe, kuma amsarsa tana wurin wanda ke riƙe da ƙasar da kuɗin, ba wurin yarinya mai giɓi ba.

Abin da nake roƙo a wurinku bai fi ƙarfinmu ba. Duk wanda ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa daga tsakiyar 2021 zuwa yau ya ɗaga hannu ya yi rantsuwa cewa zai kiyaye dokokin Kanada, har da tsarin mulkin da ya tabbatar da haƙƙoƙin 'yan asali da yarjejeniyoyin da aka ƙulla da su. An ƙara wannan jimla ne saboda ita ce ta ƙarshe cikin shawarwari 94 da Hukumar Gaskiya da Sulhu, wadda ta binciki makarantun kwanan nan, ta bayar a 2015. Mu mutane ne da aka tarbiyyantar a kan cewa alkawari kaya ne, saboda haka bai dace a ce mun furta shi don a miƙo mana takarda kawai ba. Waɗanda ke da ƙuri'a a cikinmu su rubuta wa ɗan majalisar tarayya na mazaɓarsu, su tambaye shi matsayinsa kan dokar da ke yanke jika daga rajista, kuma su gaya masa cewa duk gyaran da za a yi ya zo tare da ƙasa da gidaje, kuma da yardar al'ummomin da abin ya shafa. Wasiƙa zuwa ofishinsa na majalisa a Ottawa ko kan sarki ba ta buƙata. Malamanmu da ke karantar da yara a ƙarshen mako su ware rana ɗaya su gaya musu a kan ƙasar wa suke zaune. Ɗalibanmu da ke karatun jinya da kiwon lafiya da ƙididdiga, waɗanda gobe su ne za su riƙe takardun da ake cikewa, su koyi tambayar wa aka bari a waje kafin su amince da jimla. Tsohuwar makarantar nan ta Brantford kuma yanzu cibiyar al'adu ce mai suna Woodland, su mutanen ne ke gudanar da ita, kuma tana karɓar baƙi. Ina ba shugabanninmu shawarar a shirya ziyara ta iyalai bayan Salla, a tuntuɓi cibiyar tun da wuri a ji ƙa'idarsu. Ni zan ɗauki nauyin kiran waya da tsara motoci ga waɗanda za su taso daga Hamilton da Kitchener.

Yayana da ya yi maganar a walima, ina neman afuwarka idan na yi tsaurin ido. Kai na fara keɓe wa wuri a mota.

Wassalamu alaikum.

'Yar uwarku,
Mazauniyar Brantford, Ontario.